Ƙaho a Ƙeya

Shekara shida ciwon ɓarin kai yana wahalar da Khairat. Idan ya taso, sai ɗaki mai duhu da amai, har koyarwar da take yi a Zungur ta gagare ta. Ƙwayoyi kuwa ta sha har ta gaji, ciwon ko gezau. Da aka gwada mata allura a ƙeya ya lafa, sai likitoci suka ce tsoka ce ta matse wata jijiya, tiyata za ta sake ta. Mai yin aikin, Dakta Andrawus, sau biyu kacal yake zuwa Bauchi a shekara.

Ranar ta zo. Khairat na zaune a bakin gadon asibiti, hannunta ya ƙi barin ɗaurin ɗankwalinta.

Kwana uku da suka wuce Gwaggo A'i, wadda ta raine ta, ta shigo gidansu na Ƙofar Dumi da wanzami, wai a fitar da mataccen jini kafin likita ya taɓa ta. Wa ya isa ya kalli idon Gwaggo ya ce a'a? Khairat ta sunkuyar da kai, aka tsaga mata ƙeya, aka kafa ƙaho. Yanzu wurin ya kumbura yana zogi.

"Cire ɗankwali, zan aske wurin," in ji nas Felicia.

"Sista, ba za a iya yi a haka ba?"

"A kan ɗankwali za a yanka?"

Khairat ta kwance ɗankwalin. Felicia ta ɗaga gashin, ta ga kumburin, sannan ta fita da sauri ta dawo da likita. Ya danna wurin da yatsa, Khairat ta cije leɓe.

"Daidai inda zan yanka ne, kuma ya fara ruwa. In na buɗe, ƙwayar cuta za ta shiga ciki."

"Dakta, don Allah. Wata bakwai nake jira."

"Ba zan jefa ki cikin haɗari ba. Sai na dawo."

Ta fito tana haɗiye kuka, gefen idonta na dama ya soma bugawa. Gwaggo na zaune a kan benci da kular abinci. Da jin an fasa, sai fuskarta ta washe.

"Alhamdulillahi! Kin gani ko, 'yar nan? Ƙahon ya yi, ko wuƙa ba su sa miki ba."

Khairat ta kare idonta daga rana, ta ce, "Haka ne, Gwaggo."