Muryar Gwaggo

Gwaggo ce ta tayar da maganar, tana ninke kaya a bakin gado. "'Yar nan, maganar da na yi wa na'urarku, so nake a goge ta."

Malama ta ce, "Wacce a ciki, Gwaggo?"

"Duka. Bakina ya yi gudu. Na faɗi ciwona, na zarce na faɗi na matar ɗana, har ɓarin da ba ta so kowa ya sani. Ke kika ce in mutum ya ce a goge, gogewa za a yi."

Haka kuwa Malama ta ce. Jami'arsu na haɗa wata manhajar waya da za ta riƙa amsa tambayar marasa lafiya da baki, don waɗanda ba su iya karatu ba su ma su amfana. Dole sai an koyar da ita da muryoyin mutane, kuma Malama ce ta bi gida-gida tana lallashin tsofaffi. Tana cikin kwamitin ƙwararrun da aka naɗa su sa ido kada a cuci kowa, shi ya sa ta bugi ƙirji ta yi alkawarin.

Ranar zaman kwamiti ta shiga ɗakin taro da maganar a bakinta. Dogon tebur, robobin ruwa a jere, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani ba sanyi. Can ƙarshen tebur, kusa da soket, wani mutum yana zaune kamar kullum. Shugaban kwamiti ya taɓa gabatar da shi da "abokin tafiyarmu", bai ƙara ko kalma ba. Ba ya magana, ba ya shan shayi, amma da an ambaci muryoyi sai ya sunkuya ya taɓa kwamfutarsa. Tun ganin farko Malama ta sa masa suna Shiru-shiru, kuma ranta ya ba ta akwai lauje cikin naɗi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wata daga cikin masu murya tana so a goge tata. Wa zan gani?"

Shugaba ya dubi Injiniya. Injiniya ya gyara tabarau ya ce, "Ai wannan maganar doka ce, ba zan shiga gonar Lauya ba."

Lauya ya yi murmushi. "Ni haƙƙin jami'a aka ce in duba. Haƙƙin masu murya kuwa, ga gwanarsa nan a zaune." Ya nuna Malama, aka yi 'yar dariya ta girmamawa.

Halin kwamitin ke nan. Ladabi ya yi musu yawa, kowa na tsoron taka fannin ɗan'uwansa, sai tambaya ta zaga tebur ta dawo wa mai ita ko ƙura ba ta kwasa ba. Malama ta saci kallon Shiru-shiru. Yatsunsa na kan kwamfuta. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Da aka tashi ta tare shi a bakin matakala. "Bawan Allah, tsakaninka da Allah, wa ya turo ka?"

Ta zaci zai yi kame-kame. Ko gezau bai yi ba. "Kamfanin da ke ajiye muku muryoyin, Malama. An turo ni in amsa tambayoyinku. Tun zaman farko nake jira, ba wanda ya tambaye ni komai."

"To me kake ta rubutawa?"

"Amsoshi nake shiryawa, ko da za a tambaya."

Malama ta ce, "To ga tambaya. Muryar gwaggona, ƙanwar mahaifina, ina so a goge."

"Abin da aka naɗa zan iya goge shi yau ɗin nan," in ji shi. "Amma manhajar ta riga ta koya daga ciki. Gishiri ne ya narke a ruwa."

"Manhajar za ta iya maimaita wa wani abin da Gwaggo ta faɗa?"

"Ba kasafai ba, amma ba zan rantse miki ba."

"Wa ya ba ku izinin fara koyar da ita?"

Ya dube ta da mamaki na gaskiya, kuma wannan ya fi mata ciwo a kan a ce ƙarya ya yi. "Ku mana. Shugaba ya ce za a fara, ya tambaya ko akwai mai ja. Injiniya ya kalli Lauya, Lauya ya kalle ki, kika gyaɗa kai."

Ta tuna. Ta gyaɗa ne don ta ga Lauya bai ce komai ba.

Ta sauka a hankali, ta shiga motarta ta zauna, makulli a cinya. Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda. Wayarta ta yi ƙara, ta daɗe tana kallon sunan kafin ta ɗauka.

"'Yar nan, an goge?" in ji Gwaggo. "Ga matar ɗana nan kusa da ni, na gaya mata kada ta damu, ke ce a wurin."

Malama ta dubi makullin da ke cinyarta. "Gwaggo, tuƙi nake yi," ta ce. "Zan kira ki."