Kunya Ta Bi Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ku matso. Wata mai wanki ce, mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki biyu a bakin rafi da marayu uku. Da ruwan rafin nan take wanke fararen zannuwan wani asibiti, da shi suke ci. A kan tudun da ke sama da ita kuwa akwai gonar wan mijinta, Dogo, wanda tun ranar makoki idonsa ke kan gidan.

Kun san manomin kirki a gicciye yake yin kunya, don ta tare ruwa. Shi Dogo sai ya sare itatuwan tudun kaf, ya ja kunyoyinsa a miƙe, kowace bakinta na kallon rafi. Ruwan farko da aka yi, jar ƙasa ta gangaro, rafi ya koma kamar jini. Zannuwa suka fito jawur, sabulu ya ƙare bai yi komai ba.

Ta hau tudu da zani ɗaya a hannu, ta durƙusa.

"Yaya, don marayun ƙaninka, ka juya kunyar nan."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi a tsaye aka haife shi da kunyarsa, ba ya juya ta don mace. Wai in fari take so, ta jira rani.

Asibiti bai jira rani ba, ya ba wata aikin. Yara suka ci gaba da shan ruwan haka nan, na goye ya kama gudawa, bai kai kaka ba. Taɓo kuma kullum ƙaruwa yake, har ya rufe dutsen wankinta, ya kai rabin ƙofa.

Sannan Dogo ya sauko da dattawa biyu, ya damƙi ƙasar tsakar gidan ya nuna musu.

"Wannan jar ƙasar, ta wa ce?"

Suka ce ai ta tudu ce.

"To tawa ce ta sauko, ni kuma na biyo abata."

Dattawa suka sunkuyar da kai, tunda a gonarsa suke ƙodago.

Mai wanki ta tafi birni da yara biyu, tana wanke-wanke a gidajen mutane. Dogo ya rushe ɗakunan ya shuka albasa, ta kuwa yi kyau. Tudun ya zama tsandauri. Rafin har yau ja ne.

Ƙurunƙus, ta ƙare a nan.