Sunaye Goma Sha Tara a Ƙarƙashin Gam

Da akwai wanda zai riƙe hannun mai firam a safiyar Talatar nan, da bai jawo wa 'yarsa abin da ya jawo mata ba. Amma shi kaɗai ne a shago, gwangwanin gam kuma a buɗe.

Shekara talatin da ɗaya yana sa wa hotunan mutane firam da gilashi: na aure, na gama makaranta, na mamata. Ƙa'idarsa ɗaya ce. Hoto idan ya lanƙwashe, a shafa masa gam a baya, a manne shi a kwali mai kauri, a danne da katako har ya miƙe sambal. Ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci, tana aiki a gidan nunin hotuna. Wata shida ke nan ana gwada ta, ba a tabbatar mata da aikin ba. An damƙa mata nuninta na farko: tsofaffin hotunan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na shekara sittin da suka wuce, a gefensu kuma sababbin da ita ta ɗauka na jikokinsu. Ran Litinin da yamma ta faɗo shagon tana haki, ta ajiye ambulan a teburinsa.

"Baba, auna min wannan kawai, gobe zan zo mu yi magana. Na wata tsohuwa ne. Wata huɗu ina yi mata sintiri kafin ta sake shi, yanzu na karɓo."

Da safe ya zaro hoton. Maza ne a jere gaban kan jirgi, da hulunan aiki, takardar ta nannaɗe kamar busasshen ganye. Ya ce a ransa, yarinyar nan ba ta ko samun zama ta ci abinci, bari in rage mata aiki. Ya juya bayan, ya ga rubutu ƙanana da ya koɗe. Bai tsaya karantawa ba, don bayan kowane hoto akwai 'yan zane-zane. Ya tsoma buroshi a gam.

Da azahar ta zo. Ya ɗaga mata aikin yana murmushi.

"Duba, Uwata. Kamar jiya aka wanke shi."

Ta karɓa, ta juya. Kwali ne fari fat. Ta sake juyawa.

"Baba, ina bayan?"

"Bayan me?"

"Bayan hoton! Rubutun!" Ta nuna masa kwalin. "Sunayen mutum goma sha tara na cikin hoton ne, mijin tsohuwar ya rubuta da hannunsa kafin a kama shi. Babu su a ko'ina a duniya sai nan. Tsakanin gilashi biyu za mu sa shi, a rataye a tsakiyar ɗaki, mutane su zagaya su karanta. Shi ne zuciyar nunin gaba ɗaya."

"Ba ki kwafa ba?"

"Yau zan kai shi a ɗauka da fitilar ofis. A waya ba ya fitowa." Ta zauna a kan benci. "Ni na sa hannu na karɓo shi, Baba. Ni."

Ya karɓi hoton daga hannunta. Ya ɗauko reza, ya zura a kusurwa a hankali. Takardar ta ɗago kaɗan, sai ya ji ƙiiit. Wani ɗan yanki na bayan hoton ya bi kwalin.

"Kai, ajiye rezar nan!" Maƙwabcinsa ne mai gyaran agogo, wanda ya leƙo da ya ji ihu. "Ka yi wa mutum aski ba a tambaye ka ba, yanzu kuma fatar kan za ka ɗaye?"

"Tururi fa? Ara min butarka. Tururi na sakin gam."

"Ya saki gam, ya saki fuskokin mutane. Da dai agogo ne da na ce kawo. Wannan ya fi ƙarfinmu ni da kai."

"To in yi yaya? Ka faɗa min in yi yaya!"

Uwata ta miƙe. Ta miƙa hannu za ta ɗauki hoton, uban ya riga ta. Ya naɗe hoton a farin ƙyalle, ya rungume a ƙirji.

"Ni na yi, ni zan kai. Ba za ki tsaya gabansu ke kaɗai ba."

Bai taɓa shiga gidan nunin ba. Bango fari, fitilu ƙanana suna haska kowane hoto. A dama tsofaffi, baƙi da fari: mata ɗauke da kwanuka a bakin ƙofar tasha, 'yan sanda a jere. A hagu na 'yarsa, manya, masu launi. A tsakiyar ɗakin wayoyin rataya biyu sun sauko daga rufi, babu komai a jikinsu. A ƙarƙashinsu wata tsohuwa na zaune a kujera da sandarta, shugabar gidan na tsaye tana nuna mata sama.

"Ga ta nan," in ji shugabar. "Kaka ta zo ganin inda za mu rataye hoton maigidanta."

Mai firam bai jira a gabatar da shi ba. Ya durƙusa gaban tsohuwar a kan tayil, ya buɗe ƙyallen.

"Iya, ni ne uban yarinyar nan. Auna min ta ce, ni na yi karambani na manne shi. Na ga rubutun da idona, kuma na shafa masa gam. Ba ta sani ba, wallahi ba ta sani ba." Ya juya ga shugabar. "Ranki ya daɗe, duk abin da za a yi, a yi min. Firam ɗin gidan nan duka ni zan riƙa yi kyauta har in mutu. Kada a kore ta."

Fuskar shugabar ta ɗaure. "Malam, kayan aro ne. Ƙa'ida ta hana ya kwana a wani wuri ban da ginin nan." Ta dubi Uwata. "Kin san haka."

"Na sani. An rufe ofis lokacin da na karɓo."

Tsohuwar ta shafa kwalin da tafin hannu, ta daɗe tana shafawa.

"Tashi, ɗana, gwiwarka ba ta yaro ba ce," ta ce. "Ni ban iya karatu ba. Shi yake karanta min su, yana nuna kowa da yatsa. Da na riƙe duka. Yanzu bakwai nake tunawa, wata rana shida." Ta ɗago. "Shi ya sa na bayar. Don a samu masu karantawa."

Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi.

Aka kira mai gyaran tsofaffin takardu, wani siriri mai farar safar hannu. Ya shinshina kwalin, ya duba inda reza ta yaga, ya girgiza kai.

"Gam na ruwa ne?"

"Na ruwa ne."

"Za a iya kankare kwalin daga baya, kaɗan-kaɗan. Mako uku, ko fiye. Amma faɗa min, rubutun da fensir ne ko da tawada? In fensir ne, yana nan. In tawada ce, gam ɗin ya riga ya sha ta tun da safe."

Mai firam ya runtse ido. Ya ga buroshi, ya ga hannunsa, ya ga layuka ƙanana masu ruwan toka. Ko ruwan ƙasa ne?

"Uwata, ke kin gani."

"A duhun ɗakinta na gani, Baba. Ban lura ba."

Suka dubi tsohuwar. Ta ce ita dai ta san baƙi ne a da.

Shugabar ta ce za a buɗe nunin ran Asabar ko da hoton ko babu, maganar aikin Uwata kuma sai an ga abin da ya fito. Mai safar hannu ya ɗauki hoton ya shige ciki, ya rufe ƙofa.

Mai firam ya nemi benci a bakin ƙofar ya zauna. 'Yarsa ta tsaya nesa da shi, tana kallon bango. Har yanzu babu wanda ya san ko sunayen na nan a ƙarƙashin kwalin.