Mai Zura Zare

Wata goma sha huɗu ke nan Firit tana shagon Gwaggo. Maɓallan rigunan makarantar da ta ɗinka a cikinsu ba za su ƙirgu ba, amma ita kanta ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba.

Gwaggo yayar mahaifinta ce, tela mai kwangilar ɗinka kayan makarantu uku. Bayan rasuwar mahaifin ta je har gida ta ce wa Mama, "Ki ba ni yarinyar nan ki huta. Makaranta ga ta nan a bayan shagona, katanga ce kawai tsakaninmu." Kuma ba ƙarya ta yi ba, katanga ce tsakaninsu. Gwaggo irin mutanen nan ce da ba sa ƙarya, sai dai su faɗi rabin gaskiya su riƙe rabin a aljihu. Firit tana da shekara goma a lokacin, 'yar mitsitsiya, abin da ya jawo mata sunan ke nan.

A makon farko aka ɗinka mata yunifom, shuɗi mai farar kwala. Sau ɗaya ta saka. An tsayar da ita a ƙofar shago, aka ce ta yi murmushi, aka ɗauki hoto aka tura wa Mama. Daga nan rigar ta koma kan ƙusa, wai sai an shiga sabon zango. Zango uku suka wuce ta a rataye.

Wurin aikinta ɗakin baya ne, ba taga, ƙwan lantarki ɗaya, ƙyallaye ko'ina. Ƙofar kullum a rufe, don kada iyayen yara masu zuwa sayen kaya su leƙo. Keken ɗinki ba ya dasa maɓalli, sai hannu: kowace riga biyar, kowane maɓalli huda huɗu. Ta bayan katanga tana jin ƙararrawa, tana jin 'yan aji suna rera lissafin sau. Ta haddace har sau shida. Ba ta wuce nan ba, saboda ajin da ke jikin katangar nan yake tsayawa, sabuwar shekara kuma su koma farko.

Sai idanunta suka fara. Da fari ruwa ne kawai, tana gogewa da gefen riga. Daga baya kafar allura ta zama biyu. Ta lashi zare, ta murza, ta kai, ya goce. Abin da take yi cikin ƙiftawar ido ya koma sai ta gwada sau goma.

"Ke wai zaren ne ya yi miki nauyi?" in ji Gwaggo. "Yarinya ƙarama da idon tsofaffi!"

Duk ƙarshen wata Gwaggo na kiran Mama a waya, ta miƙa wa Firit, ta tsaya a kanta. "Lafiya lau, Mama. Makaranta lafiya." Ranar nan sai ga wani uba ya shigo da wandon ɗansa da ya yi gajarta yana faɗa, Gwaggo ta fita ta bar mata wayar.

"Mama," ta ce a hankali, "ban taɓa zuwa makarantar ba. Ɗinki nake yi. Kuma idona ba ya gani sosai, ko zare ba na iya zurawa."

Mama ta ce, "Zare ba kya iya zurawa? To, ki yi haƙuri. Ina nan zuwa."

Kwana tara Firit ta yi ranta fari tas. Ta ɗaure kayanta a leda ta ɓoye ƙarƙashin ƙyallaye. Ta sauko da yunifom ɗin ta gwada, ya ɗage mata har gwiwa, hannun ya matse. Ta ce ba komai, a gida a sake shi.

Mama ta iso da hantsi, riƙe da hannun Auta, ƙanwar Firit mai shekara bakwai. Firit ta faɗa jikinta ta fashe da kuka. Mama ta shafa kanta, ta ɗago fuskarta ta duba idanun, ta yi saurin kawar da kai.

Firit ta koma ɗakin baya ɗauko ledarta. Daga nan ta ji su, don kunnenta dai garau yake.

"Ga ta nan na kawo, Yaya," in ji Mama. "Ita idonta ras. Ta riƙa zura mata, ita kuma tana ɗinkawa. Gidan ne ya yi mini yawa."

"Ai tun watan azabar zafin nan na ce miki ki kawo ta ta taya yayarta ɗinki," in ji Gwaggo, "kika tsaya."

Tun watan zafi. Ashe duk ƙarshen watan da take cewa makaranta lafiya, Mama ta san babu wata makaranta, take amsawa da madalla. Firit ta tsaya riƙe da leda. Gwaggo ba ta ba ta mamaki ba. Mama ce ta ci amanarta, kuma da bakinta ita Firit ta faɗa mata abin da shagon ya rasa: mai zura zare.

Mama ba ta ko zauna cin abinci ba, wai kada mota ta wuce ta. A bakin ƙofa ta ce, "Ki kula da ƙanwarki," tana kallon ƙasa.

Gwaggo ta sauko da shuɗin yunifom ɗin daga ƙusa ta kara a jikin Auta. "Kamar don ke aka yi. Gobe a ɗauki hoto." Maɓalli ɗaya ya yi sako-sako, ta jefa wa Firit rigar ta fita, ta ja ƙofa.

Auta ta zauna kusa da ita tana karkaɗa ƙafa. Ƙararrawa ta buga a bayan katanga.

"Yaya, tamu ce?"

Firit ta miƙa mata allura da zare. Auta ta lashi bakin zaren, ta kai sau ɗaya, ya shige.

"Yaya, kin gani? Sau ɗaya!" Ta ɗaga allurar sama, baki har kunne.

Firit ta ƙura ido, ta ƙara ƙurawa. Allura biyu take gani a hannun yarinyar.

"Na gani," ta ce. Ta karɓa ta fara ɗinka wa ƙanwarta maɓallin.