Sauran Tafiyar Tiringo

"Nawa yanzu, Hajiya?"

"Goma sha ɗaya," na ce, ina jan carbi.

"Tara ne." Tiringo ta dafa tankin ruwan da ke saman benenmu tana haki. "Ciwo ya ci jikina, bai ci lissafina ba. Cire biyun nan."

Na cire, kunya ta rufe ni. Ni Zubaidatu da furfurata, an kama ni ina maguɗi da carbi a hannu.

Tiringo Bahabashiya ce, Kirista, shekararta ashirin da biyu a ɗakin da ke kallon nawa a unguwar Mahjar. Aikatau ya kawo ta Jidda, kafilinta, ubangidan da ya tsaya mata, ya rasu, iƙama, takardar zamanta, ta mutu, ta zauna cikinmu Hausawan unguwar har Hausa ta kama bakinta. Tun tana sabuwar aure ta yi wa Allah alkawarin za ta taka da ƙafa daga ƙauyensu zuwa Lalibela, garin coci-cocinsu na dutse. Tafiyar kwana goma sha biyu ce. Ta kama hanya, amma a na goma jaririn da take goye ya cika a bayanta, ta juya gida da gawarsa. Kwana biyun nan suka tsaya mata a rai shekara arba'in.

Da likita ya ce ciwon ya gama da hantarta, ko an mayar da ita gida jikin ba zai kai ba, sai ta sa 'yata Najwa ta auna mata saman benen. Tafiyar kwana biyun ta kama zagaye dubu ɗaya da ɗari huɗu.

"Ummi, halas, ya isa haka, ki hana ta," in ji Najwa. "Wallahi faɗuwa za ta yi."

Ban hana ta ba. Kakana shekara shida ya yi a ƙafa daga Haɗeja zuwa Makka, kakata kuwa a Sudan aka binne ta, ba ta ga Ka'aba ba. Addininmu daban, amma wannan ciwon na san shi tun a gida.

Kullum bayan asuba muke hawa, kafin simintin ya ɗau zafi, don ba ta yarda da takalmi. Da farko tana yin sittin. Ya koma talatin, ya koma goma. Idan na ce ta huta sai ta ce, "Yalla, Hajiya, ja carbinki, ke dai zaune kike."

Ranar ƙarshe saura huɗu. A na biyu gwiwarta ta saki. Na kai hannu zan ɗaga ta, ta ture ni.

"Kada ki ɗauke ni. Ki dai ba ni kafaɗa."

Haka muka ja, ba ta fi buhun da babu komai nauyi ba. Ina kuka ina ƙirgawa da ƙarfi don kada ta ce na sake ƙari. Da muka kai tankin ta durƙusa, ta sumbaci simintin, ta daɗe tana magana da yarensu.

"A can," ta ce da ta ɗago, "in baƙo ya iso, mutanen gari su ke wanke masa ƙafa. Ni ba ni da kowa a garin."

"Ni ce mutanen garin," na ce. "Najwa, kawo roba da ruwan ɗumi."

Kwana uku bayan nan ta rasu, da hantsi, hannunta cikin nawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ban iya hawa saman nan ni kaɗai. Amma in na tuna ta, ba a kan gadon nake ganin ta ba. Ina ganin ta jingine da tankin, idonta a rufe, ƙafafunta masu faso a cikin robar wankina, ruwan yana huce musu a hankali.