Ranar da Alƙali Badji Ya Zo Gwajin Ido

Birame Faye bai taɓa sa usur a bakinsa ba, amma duk unguwar Randulen ta Thiès babu wanda ya kai shi sanin lokacin da ya kamata a busa shi. Shekara goma sha tara ke nan yana sayar da tabarau a ɗan shagonsa na bakin kasuwa, yana gwada idon mutane. Saboda haka duk maganar da ta shafi gani ko rashin gani, ya ɗauka shi ke da ta cewa.

Ranar Asabar da yamma aka buga wasa na biyu cikin ukun ƙarshe na gasar ƙwallon kwando. Taurarin Randulen, ƙungiyar Birame, su suka ci na farko, da sun ƙara wannan kofi ya shigo gari. Saura daƙiƙa huɗu a tashi, Masuntan Mbur suna gaba da maki ɗaya, sai Gora Mbengue na Randulen ya kutsa, ya yi sama zai zura ƙwallo. Wani ƙato daga Mbur ya sauke masa hannu a wuyan hannu, har na bencin ƙarshe sun ji ƙarar. Ƙwallo ta bugi ƙarfen kwando ta faɗo. Alƙalin wasa, Landing Badji, yana tsaye taku biyar daga wurin, usur a baki, bai busa ba. Haka aka tashi, Mbur ta ci.

Tun daga ranar Birame ya bar cin abinci da daɗi. Matarsa Gnilane ta dafa shinkafa da kifi ranar Lahadi, ya zauna a gaban kwano yana tura mata waya a fuska.

"Dubi nan. Dubi hannun. Kin gani?"

"Na gani jiya, na gani da asuba. Maigida, kifi zai huce."

"Ke ma kin gani! Mace tana tsakiyar tsame ƙaya ta gani, amma mutumin da aka ɗauko a mota aka kawo don ya gani, shi bai gani ba."

Babban ciwon Birame shi ne maƙwabcinsa, Tamsir Kane mai yadi. Tamsir Batukulori ne, Birame Baserere, don haka akwai wasa tsakaninsu tun kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Ga shi kuma a Mbur aka haifi Tamsir. Litinin da safe ya leƙo da kofin gahawa a hannu, fuskar nan kamar ya zo gaisuwar mutuwa.

"Bawana, ya haƙuri? Na ji an ce iska ta taɓa hannun Gora."

"Iska? Iska ce mai yatsu biyar?"

"To ai shafa shi ya yi. Gaisuwa ce. Mu mutanen Mbur muna da tarbiyya, ba ma wuce mutum ba mu gaisa ba."

"Tarbiyya! Yaron nan da kusan karya shi aka yi."

"Wanne? Wanda na gani jiya yana cin gasasshen nama da hannun nan?"

Birame ya kunna bidiyon, ya tsayar, ya buɗe shi da yatsu biyu har hoton ya koma kamar kunu. Masu shagunan layin suka taru. Wani ya ce an biya alƙalin. Wani ya ce matarsa 'yar Mbur ce. Mai gyaran agogo ya ce shi dai ya san tun kashi na biyu na wasan aka fara cutar, sau uku ana riƙe rigar Gora. Tamsir ya ce in lissafi za a yi, a fara da gwiwar hannun da kyaftin ɗin Randulen ya narka wa ɗan Mbur a haƙarƙari. Aka ce masa wannan tsautsayi ne. Ya ce to, na Mbur ne kaɗai ba sa samun tsautsayi.

Da rana ana shirin wasanni a rediyo, ana karɓar kiran masu sauraro. Birame ya kira har sau shida kafin layi ya shiga.

"Ni ne Birame Faye, mai tabarau a Randulen. Ina da saƙo zuwa ga Malam Badji. Ba zagi zan yi ba, ni mutum ne mai tausayi. Ya zo shagona, zan gwada idonsa kyauta, in ba shi tabarau kyauta, har da igiyar ratayawa. In ba zai gane hanya ba, a samu mai ja masa sanda."

Mai gabatarwa ya yi dariya har ya sarƙe. Kwana biyu Birame yana karɓar gaisuwa a layin kasuwa kamar wanda ya dawo daga Makka.

Laraba da hantsi yana goge gilashi, wani siririn mutum mai furfura kaɗan ya yi sallama, riƙe da jaka irin ta malaman makaranta.

"Kai ne Faye?"

"Ni ne. Karatu ne ke ba ka wahala ko hangen nesa?"

"An ce duka biyun. Sunana Landing Badji. Na zo gwajin kyauta."

Tsumman ya suɓuce daga hannun Birame. A filin wasa, cikin riga mai ratsi, alƙalin ya fi haka girma. Yanzu ga shi, mutum kamar kowa, har da ƙurar alli a hannun rigarsa. Birame ya buɗe baki zai ce wasa yake yi, sai ga Tamsir a bakin ƙofa ya jawo kujerarsa, bayansa mai agogo da wasu mutum bakwai.

"Bawana, baƙo ka yi," in ji Tamsir. "Ba shi kujera mana. Riƙe hannunsa kada ya yi karo."

Babu hanyar gudu. Birame ya zaunar da shi, ya kunna fitilar allon haruffa, ya ce ya rufe idon hagu. Badji ya karanto layi na farko, na biyu, har na ƙasa wanda haruffansa suke kamar ƙwayar gero. Ya rufe na dama, ya sake zubo su. Sannan ya ce, "Akwai wani rubutu a can ƙasan allon, sunan waɗanda suka buga shi. In karanta?"

Shekara goma sha tara allon yana rataye a nan, Birame bai san da rubutun ba.

"To fa," in ji Tamsir. "Likita, mene ne sakamako?"

"Idonsa ba laifi," Birame ya faɗa can ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Sai zuciya ta ɗebi Birame. Ya fizgo waya ya ajiye a gaban alƙalin. "Tunda idonka garau ne, ranka ya daɗe, gaya mana mene ne wannan?"

Badji ya kalli bidiyon sau ɗaya. "Duka ne. Jifa biyu Gora ya cancanta. Ban gani ba."

Birame ya kwana huɗu yana tara hujjoji, ya tanadi amsar kowace ƙarya da za a yi masa, amma bai tanadi komai ba don wannan.

"Ba ka gani ba? Taku biyar! Ina kake kallo, rufin ɗaki?"

"Ƙafarsa. Mayar da shi baya kaɗan. A'a, kada ka buɗe hoton, bar shi yadda yake. Yanzu manta da hannu, dubi ƙasa. Ga inda ya riƙe ƙwallo, daga nan taku biyu doka ta yarda. Ƙirga."

Tamsir ne ya yi ƙirgar, da ƙarfi, kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya. "Ɗaya. Biyu. Uku! La ilaha illallahu, uku!"

"Na ga kamar ya ƙara taku," in ji Badji, "ban tabbata ba, ina cikin shakka na ɗago kai, an riga an gama. Laifi biyu na bari a daƙiƙa ɗaya. Na farkon naku ne. Da na busa shi, ƙwallo ta koma hannun Mbur tun kafin a kai ga dukan."

"Biyu da rabi ne," in ji Birame.

"Rabin taku!" Tamsir ya dafa bango. "Jama'a, ku zo ku ji. Sererawa sun ƙirƙiro rabin taku. Ɗaya ƙafar tana iska tana jiran biza."

"Na ukun ai zamewa ya yi."

"Ya zame zuwa sama?"

Gardama ta ɓarke sabuwa, shago ya rabu biyu, kowa yana taka ƙasa yana gwada yadda Gora ya yi. Mai agogo ya yi tsalle ya buge kwalin tabarau. Badji dai yana zaune da jakarsa a cinya. Da hayaniyar ta lafa ya ce wa Birame, a hankali, "Ni malamin lissafi ne a Kaolack. Tun Litinin ina shiga aji yara ke rufe ido suna lalube. Wannan ba komai. Amma 'yata ta ƙi zuwa makaranta, ana ce mata ta je ta ja wa babanta sanda. An kuma cire ni daga wasan Asabar. Rubuta mini takarda cewa idona lafiya, ka buga hatimi. 'Yata zan kai wa."

Birame ya rubuta. Ya buga hatimin. Ya aika aka sayo shayi, ya ba alƙalin kofin farko, ya raka shi har tasha, yana ta maganar zafin rana da tsadar kifi. Da ya dawo ya kira rediyo, don shi mutum ne mai gyara kuskure.

"Na gwada Malam Badji da kaina. Idonsa ya fi nawa. Yara su bar 'yarsa ta yi karatu. Matsalar a wuya take, ba ya ɗago kai da wuri. Wannan kuma ba fannina ba ne."

Ranar Asabar shi da Tamsir suka shiga mota ɗaya zuwa Dakar, kowa da rigar ƙungiyarsa. An kawo sabon alƙali, matashi, wanda da alama ya saurari rediyo duk mako. Ko numfashi aka yi kusa da ɗan wasa sai ya busa. Kafin a tafi hutu Gora ya tara laifi huɗu, sau biyu kuma an kama shi da ƙarin taku. Masuntan Mbur suka ci da tazarar maki ashirin da uku, suka ɗaga kofi.

A hanyar dawowa, har suka wuce Rufisque, Tamsir yana ta ɓare gyaɗa yana miƙa wa Birame, shi kuma yana karɓa.

"Wannan ba alƙali ba ne," in ji Birame daga ƙarshe. "Ɗan sandan hanya ne. Wasan maza ake yi, a bar mutane su taɓa juna mana. Ɗan shafa kaɗan, fiit! Ɗan taku kaɗan, fiit!"

"Wallahi an zalunce ku," in ji Tamsir. "Sau ashirin da uku."

Direba ya ce shi fa yana ganin tun farko kocin ne bai iya canji ba. Birame ya gyara zama, ya matso gaba, ya ce yawwa, dama yana son a zo nan.