Gayyar Doja

Hasiya ta sauke ƙwaryar fura a bakin gona, ta waiga. Sahabi, mijin nata, da ya biyo bayanta daga gida, ya ɓace.

Ruwan tafki ya riga ya ci kunya uku na shinkafarsu, gobe kuwa sai dai a shiga da kwalekwale. Ga maza goma sha sun zo da laujensu, ba don halinsa ba. Ranar gayyar kowa a ƙauyen nan na kusa da Wara, Sahabi ciwon baya yake yi da safe, ya warke daidai lokacin da aka sauke tuwo. Tun ranar da Malam John na firamare ya ce mai zille wa aiki irin haka doja ake ce masa a Turanci, sunan ya bi shi har masallaci. Shi ko a jikinsa, har amsawa yake. Hasiya ce ta bi gida gida tana roƙo, kamar ta nutse don kunya.

"Ina mai gonar?" in ji Kawu Hammadu, dattijon da ke jagorantar gayya.

"Yanzu shi ka zuwa, Kawu."

"Kin san dai ba mu sa lauje sai mai gona ya hwara yanka."

Suka tsaya har rana ta ɗaga. Wani ya ce ya hango shi bayan babur, an nufi kasuwa. Tir! Mutum ya doje wa gayyar wasu, har tasa ma? Biyu suka saɓa lauje za su tafi.

Hasiya ta ɗaure zane, ta karɓi laujen Kawu, ta shiga ruwa har gwiwa. Ta damƙo shinkafa ta yanke, ta ɗaga sama.

Kawu Hammadu ya dube ta, ya dubi mazan. "To, ga mai gona nan. Ku shiga."

Da azahar an kwashe, saura kaɗan. Ana buɗe tuwo sai ga Sahabi yana ɗingishi, dafe da ƙugu, ya ma wanko hannunsa.

"Sannunku da aiki! Kawu, ina nawa?"

"Tambayi mai gona."

Sahabi ya yi dariya, ya juya wajen matarsa. Ita ba ta yi ba. Ta rufe akushin, ta miƙa masa lauje.

"Na 'yan aiki na," ta ce. "Kunya guda ta rage, can wurin da ruwa ya hi zurhi."